Bayan girgizar ƙasar Maroko: a tsohon kango za a sake gini, ko a matsa gefe, ko a sauka kwari, ko a bar dutsen gaba ɗaya?

Girgizar ƙasar da ta auku a tsaunukan Atlas na Maroko daren 8 ga Satumba 2023 ƙarfinta 6.8 ne, cibiyarta na kusa da Ighil a lardin Al Haouz, wajen kilomita 70 kudu maso yamma da Marakesh, ta kashe mutum kusan 3,000 kuma yawancinsu 'yan ƙauyukan kan dutse ne, 'yan ƙabilar Amazigawa manoma da makiyaya. A lokacin gwamnati ta ce duk wanda gidansa ya rushe ƙurmus za a ba shi dirhami 140,000, wanda nasa ya rushe wani ɓangare 80,000, sannan dirhami 2,500 duk wata na cin abinci. Kuɗin gini kenan. To amma abin da ya fi ci wa magidanta tuwo a ƙwarya shi ne a ina za a kafa ginin, don a kan dutse fili mai kyau ba shi da yawa, ɗan wanda ake da shi ma gona ce.

Wannan rubutun na wanda shawarar ta rataya a wuyansa ne, ko mai gida, ko ɗan uwa da ke aiko kuɗi daga birni, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, ko ɗalibai masu karatun injiniya da za su iya tsintar kansu a irin wannan aiki. Wurare biyar ake ja-in-ja a kansu, amma bari mu fara da ma'aunin da za a auna su.

Abubuwan da za a duba

Na farko, me ke sama da kai. Ni wannan nake sa wa gaba da komai kuma dalilina ɗaya ne, girgiza ana iya yi mata maganinta da gini mai kyau, ka zuba linta zagaye, ka ɗaure kusurwoyi, ka rage nauyin rufi, gida zai tsage amma mutane za su fito da rai, to dutsen da ya kai girman mota in ya ɓallo daga sama fa? babu rodin da zai tare shi. A ƙauyen Imi N'Tala na Maroko ɓangaren dutsen da ke saman garin ne ya ɓallo ya sauko kan gidaje. A Nepal ma a girgizar 25 ga Afrilu 2015, ƙauyen Langtang ƙanƙara da duwatsu ne suka taho daga sama suka binne shi, sama da mutum 200 suka tafi, da ginin ƙasa da na siminti duk ɗaya.

Na biyu, me ke ƙarƙashinka. Fa ko ƙasa mai tauri ba ta ƙara wa girgiza ƙarfi, amma yashi da laka da ƙasar da ruwa ya tara ko wadda aka cike da hannu, waɗannan girgizar kan ninka a kansu, kamar ka bugi tebur ga faranti da kunu a ciki, farantin ya tsaya kunun na ta kaɗawa.

Na uku ruwa, kuma fuska biyu gare shi, na sha da ban-ruwa wanda in babu shi ba zama, da kuma na ambaliya. Na huɗu hanya, don buhun siminti ɗaya ne ko'ina, amma wanda tifa ta sauke a ƙofar gida da wanda alfadari ya hau da shi gangare ba kuɗinsu ɗaya ba. Na biyar filin na waye. Na shida nisa da gona da dabbobi. Sai kuma rana, wadda masu zana taswira a ofis kan manta, ƙauyuka da yawa a can suna sama da mita 1,500 kuma dusar ƙanƙara na sauka da hunturu, gangaren da ke kallon kudu ya fi samun rana, wanda ke kallon arewa sanyi da danshi ba sa barinsa.

1. Sake gini a tsohon kango

Wannan shi kowa ke so a ransa kuma ba laifinsu bane. Filin nasu ne, ba rigima da kowa, duwatsun gini da azara na nan cikin ɓaraguzai a tsince su a sake amfani da su, magudanar ban-ruwa na kusa, masallaci da maƙabarta na kusa, maƙwabta su ne dai na da. Ta fuskar kuɗi shi ne mafi sauƙi in ka cire aikin kwashe ɓaraguzai, wanda shi ma ba ƙarami bane tunda lungunan ƙauyukan nan katafila ba ta shiga, da shebur da baro da bayan alfadari ake yi.

Matsalar tana ga yadda aka gina ƙauyukan tun asali, gida kan gida suna hawa gangare, rufin wani shi ne tsakar gidan na samansa, ka ga ko ka yi naka ginin da kyau in na sama da kai bai yi ba kanka zai faɗo. Don haka a tsohon wuri shawarar ba ta mutum ɗaya bace, ta layin gaba ɗaya ce daga sama har ƙasa.

Sannan dole a gano me ya rushe gidan. In katangar dutse da laka ce ta buɗe a kusurwa rufi mai nauyi ya danne, ƙasar kuma tana nan daram ba tsaga, to laifin gini ne, wurin ba shi da laifi, a gyara salon gini a zauna. In kuwa ƙasar ce ta motsa, maganar ta canza. Ga alamun da ko ba injiniya za ka gani da idonka: tsaga a ƙasa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a saman gari, katangar gona da ta yi ciki ta turo waje, bishiyoyi ko turakun lantarki da suka karkata, idon ruwa sabo da ya ɓullo inda babu a da ko tsoho da ya koma gurɓatacce, da manyan duwatsu a bayan gari masu sabuwar fuska fara tas ba gansakuka, alamar kwanan nan suka sauko. Akwai wata dabara mai arha da ake yi wa tsaga, a kafa turaku biyu ɗaya a kowane gefe, a auna tsakaninsu da tef a rubuta a littafi da kwanan wata, a riƙa komawa duk mako musamman bayan ruwan sama. In tazarar na ƙaruwa ko da kaɗan-kaɗan ne, gangaren bai gama tafiya ba, kar wanda ya zuba fandisho a ƙasansa.

Kar kuma a ce ai an yi wata shida ba abin da ya faru. Girgiza na sassauta dutse ne, ruwan sama ke ƙarasa aikin. A Sichuan ta China girgizar ta 2008 ce, amma a watan Agusta na 2010 ruwan sama ya kwaso ƙasar da ta sassauta ya malalo da laka da duwatsu kan wuraren da aka riga aka sake ginawa, har da garin Yingxiu.

2. Matsawa gefe, amma cikin ƙasar ƙauyen

Wato a nemi wani dandamali mai tauri, mita ɗari biyu ko ɗari biyar ko kilomita guda daga tsohon gari, wanda ba ya ƙarƙashin dutse mai ɓallowa kuma ba ya bakin kwazazzabo. A ganina in dai tsohon wurin ya nuna alamun da na lissafa, wannan ne ya fi, kuma shi ya kamata a fara nema kafin a yi maganar kwashe mutane zuwa wani gari. Manomi na iya zuwa gonarsa da ƙafa, mata na iya kai awaki kiwo inda suka saba, yara ba su canza makaranta ba.

Birnin Agadir na Maroko ma haka aka yi masa ai, bayan girgizar 29 ga Fabrairu 1960 da ta kashe mutum 12,000 zuwa 15,000, ba a sake gina birnin daidai inda yake ba, an matsa kudu wajen kilomita 2, ga shi nan yau yana tsaye, tsohuwar ganuwar birnin da ake kira Oufella kuma na can kan tudu.

Nisa nawa ya isa? Ba lamba ɗaya da za ta dace da ko'ina, amma akwai ƙa'idojin da masu aikin ke farawa da su. Ga dutsen da ke zubar da duwatsu, masu bincike sun lura cewa duwatsun da suka gangaro ba kasafai suke wuce layin da ya sauko da kusurwa wajen digiri 27 daga gindin dutsen ba, a sauƙaƙe in tsayin gangaren tsakuwar da ke ƙasan dutsen mita 50 ne, to ka ba shi wajen mita 100 a kwance daga gindin dutsen. Mafi sauƙi ma, ka je ka nemo dutse mafi nisa da ya taɓa gangarowa, ko tsoho ne, ka yi gininka gaba da shi da tazara mai kyau, tsofaffin gari sun san su ɗaya bayan ɗaya. In kuma gangare ne ke ƙasa da kai, dokar gini ta Amurka na cewa a ja baya da kashi ɗaya cikin uku na tsayin gangaren, har iyakar wajen mita 12. Waɗannan mafari ne kawai, injiniyan ƙasa ne zai yanke hukunci.

Kuɗinsa ya ɗara na tsohon kango, akwai gyaran fili, katangar tare ƙasa, jan bututun ruwa da wayar lantarki, da ɗan titi. A nan ne ake yin wani kuskure da ya zama ruwan dare, a yanko gangare a zuba ƙasar da aka yanko a gaba don fili ya faɗaɗa, sai a ɗora gida rabi kan ƙasa ta asali rabi kan cikon. Cikon zai zauna, ta asalin ba za ta zauna ba, gida ya tsage a tsakiya ko ba girgiza. Gida gaba ɗayansa ya hau inda aka yanka, cikon a bar shi tsakar gida ko garke. Kuma kafin komai a haƙa rami mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kusurwoyin fulotin a ga me ke ciki, kwana ɗaya ne na lebura biyu.

Babban ciwon kan wannan zaɓin shi ne fili. Dandamali mai kyau sau da yawa gonar wani ce, ko ƙasar jama'a ce ta ƙabila wadda mutum ɗaya ba ya iya sayarwa ko kyautarwa. In ba a zauna da dattawa da hukuma an rubuta an sa hannu tun farko ba, gini zai kai linta magada su taso. Nepal sun gane haka, bayan rupi 300,000 na gina gida sun ware ƙarin 200,000 na sayen fili ga waɗanda bincike ya nuna dole su tashi.

3. Sauka kwari, bakin kogi da titi

Bayan mutum ya ga dutse ya danne maƙwabcinsa, shimfiɗaɗɗen fili a kwari shi ne abin da zuciya ke so. Ga titi, ga kasuwa, kayan gini sun fi arha, motar asibiti na isowa, ruwa ba nisa. In gaggawa ake yi nan ne gini ya fi sauri.

Amma fa a kula kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙasar kwari ita ce mai laushin da na ambata, kuma garin Talat N'Yaaqoub da ke kwarin Nfis ya nuna cewa zama a ƙasa bakin titi bai hana komai ba, har benayen siminti sun durƙushe a can. Sannan ambaliya ta fi girgiza yawan zuwa nesa ba kusa ba. Babbar girgiza kan ɗau zamani mai tsawo kafin ta dawo wuri ɗaya, hadarin bazara kuwa kowace shekara yana nan, a watan Agusta 1995 ambaliyar kwarin Ourika da ke tsaunukan Atlas ta kashe sama da mutum 200, ruwan can sama aka yi shi, na ƙasa sai ganin kogi suka yi ya taho.

Wuri mafi yaudara shi ne bakin kwazazzabo inda ƙaramar ƙorama ke fitowa daga dutse ta shiga babban kwari. Za ka ga fili ya baje da ɗan gangare mai daɗi, busasshe, kamar don gini aka yi shi. To ai lakar da duwatsun da ƙoramar ta sha amayowa ne suka tara shi, kuma bayan girgiza ta cika kwazazzabon da sabon kaya. In ka ga manyan duwatsu warwatse a irin wannan fili ka tambayi kanka wa ya kawo su.

In dole sai kwari, a nemi tsohon matakin kogi mai tudu wanda ruwa bai taɓa hawa ba a sanin tsofaffi, a zurfafa fandisho, kar a wuce hawa ɗaya ko biyu. Ga kuma asarar da ba a lissafawa, duk gidan da aka gina a kwari ya cinye gonar tuffa ko sha'ir, kuma a Atlas ƙasar da ke samun ban-ruwa ita ce dukiyar.

4. Hawa ƙoli

Wannan ba sai na daɗe a kansa ba. A ƙolin tudu ba abin da zai faɗo maka, ambaliya ba ta zuwa. Sai dai ƙoli mai tsini ko siririn doron dutse na kaɗawa fiye da gindinsa lokacin girgiza, bakin gaɓa kuma na iya zaftarewa da gidan. Ruwa sai an ɗauko ko an sa injin turawa, iska da sanyi ba sauƙi, kayan gini kuwa nan ne suka fi tsada. In faffaɗan tudu ne mai shimfiɗa kuma hanya na zuwa, ya halatta a duba, a ja baya daga baki sosai. In siriri ne a bar wa awaki.

5. Sabon matsuguni nesa, ko komawa gari

Akwai ƙauyen da gaskiya ba wurin tsira a ƙasarsa gaba ɗaya, sama dutse mai ɓallowa, ƙasa kogi. Irin wannan ba makawa sai tashi, ko zuwa fulotan da hukuma ta yanka ko gefen garuruwa irin su Amizmiz da Tahanaout. A takarda shi ne mafi aminci, an binciki ƙasa, akwai titi da makaranta da asibiti.

Haɗarinsa ba na ƙasa bane, na jira ne da na abinci. Dubi Balakot a Pakistan, girgizar 8 ga Oktoba 2005 ta rusa garin, aka ce yana kan tsagar ƙasa mai haddasa girgiza kar a sake gini, aka aza harsashin sabon Balakot a Bakrial a 2007, rigimar fili da ta kuɗi ta riƙe aikin shekara da shekaru, mutane suka gaji suka ci gaba da zama a tsohon garin da aka ce haramun ne. Wato an hana su gini mai kyau a wurin, kuma ba a ba su wani wurin ba. A Maroko ma shekara guda bayan girgizar iyalai da dama na cikin tanti, wasu na kukan cewa gidansu ya rushe duka amma 80,000 aka rubuta musu, to wanda ke jiran fuloti a wani gari jiransa ya ninka.

Kuma manomin da gonarsa ke nisan kilomita 20 zai karɓi makullin sabon gida, sannan ya koma ya kafa bukka kusa da gona da dabbobinsa, a nan zai riƙa kwana, cikin haɗarin da aka ce an raba shi da shi.

| Wuri | Kuɗi | Saurin gini | Haɗarin dutse da zaftarewa | Ambaliya | Rigimar fili | Kusa da gona |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tsohon kango | ƙasa | matsakaici | ya danganta, dole a bincika | kaɗan | babu | sosai |
| Matsawa gefe | matsakaici | matsakaici | kaɗan in an zaɓa da kyau | kaɗan | akwai | kusa |
| Kwari | fili tsada, kaya arha | sauri | kaɗan, ban da bakin kwazazzabo | babba | akwai | kusa |
| Ƙoli | sama | a hankali | zaftarewar baki | babu | kaɗan | da ɗan nisa |
| Sabon matsuguni | mafi tsada | mafi jinkiri | kaɗan | kaɗan | babba | nesa |

Wani abu da ya shafi duka biyar ɗin, kar a ɗauka siminti shi ne aminci ƙasa kuma ita ce mutuwa. Maroko na da dokar ginin da ke jure girgiza, wadda ake kira RPS 2000, da aka sabunta a 2011, har ma da ƙa'ida ta musamman ta ginin ƙasa. Gidan ƙasa hawa ɗaya mai kauri da ɗaurin katako zagaye da rufi mara nauyi ya fi bene na bulo da aka tsuke wa rodi aka cika wa yashi, kuma da hunturu ya fi ɗumi. A wurin da mota ba ta zuwa, kuɗin dakon siminti kaɗai na iya cinye kaso mai tsoka na tallafin, sai birkila ya fara rage siminti a kwaɓi don kuɗin su kai.

To wa zai zaɓi wanne?

In ƙasarku ba ta tsage ba, ba dutse a samanku, gini ne kawai ya gaza, ku zauna a kangonku, ku haɗa kai da na sama da na ƙasa a layi, kuɗin da za a kashe a sabon fili a zuba shi a linta da kusurwoyi.

In turakun da kuka kafa sun nuna tsaga na buɗewa, ko sababbin duwatsu sun sauko bayan gari, ku matsa gefe cikin ƙasarku, a fara da takardar fili da ramin gwaji kafin a sayi ko buhu ɗaya.

In mai shago ne ko direba ko gidan da ke da mara lafiya mai zuwa asibiti a kai a kai, kwari zai yi, amma kan mataki mai tudu, nesa da bakin kwazazzabo. Makaranta da ɗakin shan magani da masallaci su ya kamata a ba wa fili mafi kyau a garin ko da gonar mai unguwa ce, a biya shi diyya.

Ƙoli sai ga wanda ke da faffaɗan tudu da hanya da tabbacin ruwa.

Tashi gaba ɗaya kuma ga ƙauyen da injiniyoyin ƙasa suka zagaya suka rasa dandamali ko ɗaya, ko iyalin da dama abincinsu daga aikin birni yake zuwa. Su ma kar su saki tsohon filinsu da gonakinsu sai takardar sabon fuloti ta shigo hannu, an ga ruwa na zuba a famfo, kuma an rubuta musu cewa haƙƙinsu na noma da kiwo a tsohon wuri na nan.